Ranar da Aka Cire wa Mai Aski Bandeji

Ma'aikaciyar jinya ta ɗaye bandejin a hankali, haske ya cika idon mai aski. Ya daɗe yana rantsuwa cewa idonsa ƙalau, madubin shagonsa ne ya tsufa. Sai da 'yarsa ta sa masa kuka ya yarda ya zo asibiti. Likita ya ce yanar ido ce, aka cire ta.

Ma'aikaciyar jinyar ta ce, "Baba, ban da murzawa, kuma kada ruwa ya shiga. Ga maganin ɗigawa."

"Na ji. Ni hannuna bai taɓa kuskure ba, balle ido."

A bakin ƙofa abokansa na zaune a benci, tsofaffin da ba mai taɓa musu kai sai shi. Zafi ya sa duk sun cire huluna. Ya tsaya yana duban kawunan ɗaya bayan ɗaya: nan tudu, can kwari, ga tabo a bayan kunne.

"Wane mugu ne ya yi muku wannan aski?"

Wani tsohon direba a cikinsu ya lalubi hularsa, ya kifa a kai.

"Sannu da jiki, mutumina. Ai wannan karon ka ma yi ƙoƙari."