Irin Waken da Ya Sha Ƙaura

Lurwanu, tun ranar da ka zo gaishe ni kana ta nuna mini hotunan 'yan na'urorin nan da ake ɓoye kuɗin kirifto a ciki, raina bai kwanta ba. Wannan tana da madanni, waccan tana da gilashi, wata an ce ko ta faɗa ruwa ba abin da zai same ta. Ka ce ka sayi ɗaya, ka kwashe ka mayar cikin wata, yanzu kuma wani zai sayar maka da tasa da rahusa. Abin da ka tara don rufin gidanka ne fa a ciki, ga iyalinka har yau a gidan haya. Ni ban san kan abin nan ba, ba kuma zan yi maka ƙaryar sani ba. Amma na san ajiya. Bari in ba ka wani misali.

Wani manomi ne yake da irin wake da ya gada a gidansu, ja, mai saurin nuna, wanda ko damina ta gaza sai ya ba da abin sawa a tukunya. Duk ƙauyen babu mai shi sai shi. Da aka yi girbi ya ware na shuka, ya shanya ya bushe ƙayau, ya cuɗe shi da toka ya zuba a randa, ya kifa kasko a baki ya liƙe da laka, yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Sharaɗin wannan ajiya ɗaya ne: in an liƙe, ba a buɗewa sai lokacin shuka, don ƙwaron wake iska yake so, in ya rasa ta sai ya mutu a ciki. Matarsa ta ce ya ɗibar mata ko tafi guda ta kai gidan yayanta a ajiye, saboda halin rayuwa. Ya hana. Shi bai yarda da hannun kowa ba.

To, ranar kasuwa sai ya ji ana hira a rumfar mai shayi, wai randa ajiyar mutanen da ce, akuya ma tana iya ture ta. Ya dawo gida. Ya fasa lakar, ya sheƙe tokar, ya ɗura waken a jarka. Ba a jima ba wani ya ce masa ai ɓera yana huda jarka, ya juye a buhu mai leda a ciki. Aka ce buhu kuma ga gara. Ana nan sai ya tarar da wani baƙo a bakin tasha yana sayar da gangar ƙarfe, an shafe ta da sabon fenti, ga araha. Bai tambayi abin da aka taɓa zubawa a cikinta ba, ya ɗora a amalanke sai gida. Kowane juyi kuwa a tsakar gida ake yin sa, a kan tabarma, kaji na tsinta, iska na kaɗawa, maƙwabta na leƙe ta katanga. Ko da waken ya shiga ganga ma bai bar shi ya huta ba. In zai fita sai ya buɗe ya cusa hannu ya ji ko yana nan, in ya dawo ya sake. Yana cikin cin tuwo sai ya miƙe, wai ya ji kamar motsi. Matar ta dube shi ta ce, "Malam, waken nan naka dai ya fi fatake yawo." Ko murmushi bai yi ba.

Damina ta kankama, gero ya tasa, lokacin shuka wake ya yi. Ya buɗe ganga, sai wani ɗumi da wari suka bugi fuskarsa. Ya damƙo, ya ji ba nauyi. Kowace ƙwaya da 'yar ƙofarta, ciki ya zama gari. Ya tsince waɗanda yake ganin da sauran rai ya kai gona, ya yi ta zarya yana tona ramuka da yatsa ya ga ko sun fasa. Ko ɗaya bai tsiro ba. Ba wanda ya san ko a tabarma ƙwarin suka shiga, ko a buhu, ko tun a gangar baƙon nan suke kwance suna jira. Randar kuwa tana gindin bango inda ya bar ta, ko tsagewa ba ta yi ba, akuyar da ake tsoro ma a inuwarta take kwanciya. Irin da kakanni suka riƙe cikin fari da yunwa, a hannun wanda ya fi kowa son sa ya ƙare.

Ban ce kada ka bincika ba. Bincika, ka tambayi waɗanda suka sani, ka zaɓi guda, sabuwa daga hannun masu yin ta. Kalmomin sirrin nan da ka ce su ke dawo da komai in na'ura ta ɓata, ka nema musu wurin da ba ɗakin da take ba. Daga nan ka yi bismillah ka liƙe bakin randarka, ka bar wa Allah sauran, ka je ka ci tuwonka da zafinsa. Ni ina nan ina yi maka addu'a. Mutanen da dai sun riga sun faɗa: garin neman gira akan rasa ido.