Makitsiya da Yatsan da Ya Ƙi Lanƙwasa

Kai da ka ce ka yi magani ka gaji, saurari wannan. An yi wata makitsiya da hannunta ke ci da ita da marayunta uku. Wata rana tana yankan kubewa wuƙa ta zame ta yanke ta a gindin yatsan tsakiya. Yankan bai kai faɗin ƙwayar wake ba. Ta ɗaure da tsumma, kwana shida ya kame. Amma da ta zauna kitso, sai yatsu huɗu suka dunƙule, na tsakiyan ya tsaya a miƙe. Ba zafi, ba kumburi, in ta tsikare shi da tsinke tana ji. To me ya hana shi? Maɗori ya lallatsa ya ce babu karaya. Ta gasa shi da ruwan zafi, ta mulke da man shanu. Maƙwabciya ta ce sammu ne, makitsiyar ta yi turare, ita kanta ba ta san ko ta yarda ba. Masu zuwa kitso suka fara komawa wani gida. Takan lanƙwasa shi da ɗaya hannun, tana saki ya koma, ta yi ta kallonsa kamar ba nata ba.

A mako na uku ƙanenta ya kai ta asibiti. Likita ya bar tabon, ya danna tsakiyar tafin hannunta, ta ji wani ɗan ƙullutu mai zafi. Ta ce, "Likita, ai ba nan na yanke ba." Ya ce, "Baba, naman da ke jan yatsa yana can kusa da gwiwar hannu, jijiya ce ke haɗa su. Ta tsinke ta zame ciki, kamar zariyar wando a ƙubaka." Ta gyaɗa kai, ba don ta gane duka ba. Aka tsaga tafin, aka jawo jijiyar aka ɗinke. Aka ce kada ta damƙi komai, kuma kada ta bar shi ba motsi, nan ma sai da ƙanenta ya maimaita mata sau uku. Bayan wata uku ta koma kitso. Yatsan yana lanƙwasa, amma bai ƙara taɓa tafin ba, likita ya ce jinkirin ne ya ci wannan.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ba nan take ba, an danne bodari ta ka.