Furannin Filafon Kawu

Ruwan damina ya kayar da rufin ɗakinmu a Babankatami, sai Inna ta tafi da ni Madawa wurin yayanta, wanda ya dawo daga Abijan ya gina gida. Kwanon rufi kawai za ta roƙa.

Da la'asar ya shigar da mu falo mai warin sabon fenti.

"Ɗaga kanki ki ga filafon," in ji Kawu.

Fararen furanni ne aka sassaƙa, zobe cikin zobe, bakinsu ruwan zinari, fitila tana reto a tsakiya.

"Yaya, dama ɗakinmu ne..."

"Wanga fure kaɗai, sai da mai aikin ya yi kwana da kwanaki a kansa. Mi kika ce?"

Na ja bakin zanenta don ta faɗa. Ta matse hannuna har ya yi zafi.

"Na ce Allah shi sa albarka."

A zauren maƙwabta muka ƙare daminar. Yau shekaruna sun wuce nata na ran nan, amma har yanzu ban san yadda za ta ƙarasa maganar ba tare da ta yi kuka ba.