Gwajin Injin Baba

"Ƙarya kuke yi, kai da ita!" Tsohon ya daki kujerar babur ɗinsa mai ƙafa huɗu a tsakar garejin bakanike. "Injin da ya kai ni gona jiya, shi ne yau ya mutu? Da hannuna nake gauraya masa fetur da baƙin mai!"

'Yarsa ta dubi bakaniken. Tun da safe ta roƙe shi ya ce injin ya gama aiki, domin sau biyu a watan nan Baba yana afka wa katanga, yana kuma rantsuwa idonsa garau yake.

"Baba, mu tafi gida."

"Rufe min baki! Kai kuma ɓarawon banza, auna shi a gabana."

Bakaniken ya haɗiye zagin. Ya kwance fulogi, ya ɗaura gejin auna ƙarfin inji a ramin, ya buɗe totur har ƙarshe, ya yi ta buga kik. Allurar gejin ta hau, ta tsaya cak a kan ɗari da talatin. Injin lafiyarsa ƙalau.

Ya dubi tsohon. "Ba zan ƙara cewa komai ba, Baba. In ta wuce ɗari, hau abinka ka tafi. Karanta da kanka."

"Ka cuce ni," in ji 'yar, ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya fizge gejin. Ya kai shi dab da hancinsa, ya nesanta shi, ya goge gilashin da hannun riga, ya juya wajen hasken ƙofa.

Sai ya jefar da makullin babur ɗin a ƙasa.

"Injin ya mutu," ya ce wa 'yarsa. "Zo ki riƙe min hannu."