Kofin ɗan Italiya

Kakana yana da wani kofin silba, duk ya lotse, an karce wasu haruffa a gindinsa. Ranar kasuwar Gure na ɗauke shi na kai wa maƙeran da ke narka tsofaffin kwanoni suna zuba tukwane. Suka cika mini hannu da dabino.

Da la'asar ina gefen tabarmarsa ina tauna, sai ya ce, "Amarya, ɗauko mini kofina ki sha labari."

Na shiga ɗaki, na ɗan tsaya, na fito. "Kaka, ban gan shi ba."

"To zauna, zai fito."

Ya ce lokacin da Faransawa suka kwashe su da raƙumansu zuwa Libiya yaƙi da Italiyawa, an ba shi gadin wani fursuna, matashi, leɓɓansa duk sun tsage. Kaka ya shayar da shi ruwan salkarsa. Ta bakin tafinta fursunan ya ce, "Mu ma ƙasarmu ta daɗe a hannun baƙi, wannan ya tafi, wancan ya zo. Yau ga shi an turo ni ƙasar wasu." Sai ya miƙa wa Kaka kofin.

Kaka ya dubi ƙwallon dabinon da ke hannuna, ya kau da kai. Har ya rasu bai sake tambayar kofin ba.

Ni kuwa har gobe, in na sayi sabuwar tukunya, sai na juya gindinta ina neman haruffan nan.