Haƙorin Yaya Ladi

Akwai labarin da na daɗe ina ba 'ya'yana maza muna dariya. Da ana janye magana, shi zan fara janyewa.

Ina yaro a Azare, wata rana da la'asar Gwaggo, yayar babanmu, tana suyar ƙuli-ƙuli. Na kai hannu cikin kwano, yayata Ladi ta buge hannun, ta ce in bari ya huce. Na ɗauki muciya na kwaɗa mata a baki. Haƙorinta na gaba ya faɗo kan tabarma.

Na tsaya ina jiran duka. Gwaggo ta dube ni, ta kwashe da dariya.

"Kai, kakanku ya dawo! Haka ya yi wa innarmu a Katagum, ran da ta kawo masa tuwo ya yi sanyi."

"Gwaggo, jini," in ji Ladi.

"Je ki kurkure da ruwan gishiri. Ke ma wa ya aike ki buge hannun namiji?"

Ta zaɓo ƙuli ta sa mini a tafin hannu. Na ci. Ban ji komai a raina ba, ƙamshin man gyaɗa kawai nake tunawa.

Ladi ta yi aure a Gamawa, ta tsufa, ta rasu. Kullum in za ta yi dariya sai ta kare baki da mayafi. Ban taɓa ba ta haƙuri ba.

In ɗanku ya ɗaga hannu, don Allah kada ku gaya masa wa ya gado.