Katanga a Kan Burtali

"Cire turakunka, nan burtalin shanu ne," in ji wani tsohon makiyayi.

Shugaban kwamitin gina sakandare ya ja tsaki. Gidaje sun cinye bayan garin Isa kaf, wannan fili kaɗai ya rage.

"Ina shanun? Gwada mini ko guda!"

"Suna Nijar. Da kaka za su dawo."

"To, su koyi wata hanya. Nan za ni aza harsashi, in ka ga dama ka haɗiyi zuciya."

Kafin damina ta ɗauke, katanga ta tashi.

Da kaka shanun suka iso, suka yi cirko-cirko gaban katangar suna kuka. Sannan suka koyi wata hanyar, ta tsakiyar gonar dawar shugaban, saura kwana uku a girbe ta.